Kartar Lazarine Marar Hatimi

Kowace Asabar, in ta gama share ɗaki, Lazarine Carbonel takan ɗauko guntun busasshen sabulu da wani dutse mai santsi da ta tsinto a bakin teku, ta baje kartarta a kan tebur, ta bi katunan ɗaya bayan ɗaya. Ta shafa sabulun sama-sama, ta murza da dutsen har fuskar katin ta yi sheƙi. Ruwa ba ya shiga aikin. Maƙwabta kan ce zunubin mako take wanke musu, ita kuwa ba ta taɓa gyara musu zance ba. Gaskiyar maganar, haka ake yi wa karta a ma'aikata don ta riƙa zamewa a hannu, kuma hannun da ya tsufa yana abu ba ya neman izinin mai shi.

Tana ƙaramar yarinya uwarta ta kai ta ma'aikatar karta da ke gangaren unguwarmu, nan Marseille, aka zaunar da ita a benci cikin mata masu shafa launi. Maza ne ke sassaƙa hotunan a jikin katako, su shafa baƙin tawada, su danna a takarda. Daga nan sai aikin ya dawo hannun mata. Kowane launi yana da kwalinsa da aka yanke wa ramuka. A ɗora kwalin a kan takardar, a zagaya da burushi, a ɗaga, a jira ya bushe, sannan a ɗora na gaba. Ja, rawaya, kore, shuɗi mai duhu, launin fata, sai wani shuɗi mai haske irin na sararin sama bayan ruwa ya ɗauke. Shi wannan na ƙarshen ba kowa ake ba shi ba, don in hannu ya yi nauyi sai ya koma toka. Kafin Lazarine ta yi aure an riga an bar mata shi.

Kartar da suke yi ita ce ake kira tarot, kati saba'in da takwas. Mafi yawansu na kofuna ne da takubba da sanduna da tsabar kuɗi, sai manya ashirin da biyu masu hotuna: Sarki da Sarauniya, Fafaroma, matar nan mai ma'auni, mutumin da aka rataye ta ƙafa ɗaya, hasumiyar da aradu ta fasa, Wata, Rana, Tashin Ƙiyama. Lazarine ta san su kamar yadda ake sanin mutanen layi ɗaya, wanda ke da karkataccen hanci da wanda ƙafarsa ɗaya ta fi ɗaya. Tsohon mai sassaƙan ma'aikatar ya taɓa gaya mata daga Italiya abin ya ƙetaro duwatsu, daga gidajen sarauta, inda wasa kawai ake yi da shi. Daga baya aka ce wasu malamai a Paris sun rubuta littattafai cewa asirin matsafan Masar ne aka ɓoye a ciki. Da labarin ya iso benci, Lazarine ba ta ɗaga kai daga kwalinta ba.

"Wataƙila," in ji ta. "Ni dai na san itacen da aka sassaƙa su a kai, kuma ba a Masar ya tsiro ba."

Ba ta tashi da niyyar yi wa kowa duba ba. Wata rana ce, lokacin cin abincin rana, abokiyar bencinta ta ƙi taɓa burodinta, don jirgin ruwan da mijinta ke aiki a ciki ya wuce lokacin dawowa. An yi lallashi har an gaji. Lazarine ta miƙa hannu cikin kwandon katunan da suka lalace, ta zaro uku, ta ajiye a gaban matar, ta ce, "Me kika gani?" Matar ta duba, ta fara magana. Ta fara da jirgi, ta koma kan faɗan da suka yi da mijin ranar tafiyarsa, da kalmar da ta jefa masa a bakin ƙofa wadda take so ta janye. Ta yi kuka mai isarta, sannan ta ci burodinta.

Tun daga nan hanyar Lazarine ba ta sake ba. Mace za ta yanke kartar da hannun hagu, ta zaro uku, Lazarine ta yi alamar gicciye, ta tambaye ta abin da ta gani. In an matsa mata ta faɗi abin da zai faru, sai ta ce gobe ta Allah ce, takarda ba ta san ta ba. Amma mace kan zo da wani abu a ƙirji wanda ba ta san sunansa ba, in ta gan shi a zane sai ta gane shi, kamar yadda ake gane waliyyai a bangon coci ko ba a iya karatu ba. Ba ta yanka wa kowa farashi. Mai ƙwai ta kawo ƙwai, mai tafarnuwa ta kawo tafarnuwa, wadda ba ta da komai ta ɗebo mata ruwa daga famfon layi.

Mijinta ya rasu ɗansu Fortuné yana ƙarami, da burushin nan ta yi masa makaranta. Ya fito yaro mai tsabta, mai tsoron abin kunya, ya sami aiki a ofishin da ke karɓar harajin taba da giya da karta, inda ake buga hatimin gwamnati a kan kowace karta kafin ta shiga kasuwa. Ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, uwar tana zaune tare da su a ɗakin sama. Bai son matan da ke hawa benen nan ranar Alhamis, amma yakan yi kamar bai ji takunsu ba.

Sai inji ya zo. Masu ma'aikata suka kawo na'urar da ke buga zane da launi gaba ɗaya, aka sallami matan benci. Ranar da Lazarine za ta fita, ta ɗauki karta guda daga cikin na ƙarshe da hannunta ya shafa wa launi, ta biya kuɗinta kamar kowane mai saye, ta sa a aljihun gaban rigarta. Ita ce kartar da take baje wa matan Alhamis, kuma in ka cire ta ba a san ta da wata dukiya ba.

Shekarar da amai da gudawa ya shigo ta tashar jiragen ruwa, benen bai huta ba. Masu hali sun kulle gidajensu sun gudu ƙauye, an bar talakawa da hayaƙin kwalta da ake ƙonawa a mararraba don korar cuta. Cikin matan da suka hau har da wata amarya, Mélanie, matar wani ɗan dako mai suna Gaspard. Ta yanke, ta zaro, katin tsakiya ya fito na goma sha uku. Shi kaɗai ne a cikin manyan ba a rubuta masa suna a ƙasa ba: ƙwarangwal riƙe da lauje, yana shara a baƙar ƙasa. A unguwarmu Marar Suna ake ce masa, kuma ba a cika faɗa da ƙarfi ba.

"Me kika gani, 'yata?"

"Goggo, kin san abin da na gani."

"Sake dubawa. Ƙasan ƙafarsa fa?"

Mélanie ta sunkuya. "Ganye ne ke tsirowa."

"To, shi ma yana cikin hoton. Je ki gida, ki tafasa ruwan shanku, ki daina yi wa mijinki fushi a kan abin da bai kai ya kawo ba."

Gaspard bai ga ƙarshen makon ba. A layinsu kaɗai gidajen da aka fitar da gawa sun fi waɗanda ba a fitar ba, amma uwar Gaspard ba ta da wanda za ta kama sai tsohuwar bene. Ta tafi wurin 'yan sanda ta ce Lazarine Carbonel ce ta kira wa ɗanta mutuwa da karta. Doka kuwa dama ta hana sana'ar duba. Da hantsi 'yan sanda biyu suka hau benen, suka tattara katunan daga kan tebur, suka ɗaure da igiya, suka tasa ta gaba.

Ranar shari'a rabin kasuwar kifi ta rufe. Wadda ta jagorance su Théréson ce, ƙawar Lazarine tun ƙuruciya, mace mai muryar da in ta yi tallan kifi a bakin ruwa ana jin ta a kan tudu. Fortuné yana can baya, ya riƙe hularsa a ƙirji, ya ƙura wa ƙasa ido.

Alƙali ya ce, "Ke ce kike gaya wa mutane abin da zai faru gobe?"

"Ranka ya daɗe, da na san gobe da ban bar wankina a igiya ba ranar da aka kama ni. Ruwa ya yi masa dukan tsiya."

Dariya ta tashi, masinja ya tsawata.

"To me kike yi da karta?"

"Abin da maza ke yi da ita a mashayar ƙasan gidanmu, ranka ya daɗe. Sai dai mu ba ma fasa wa juna kujera a ka."

"Gaya masa, 'yar uwa!" in ji Théréson daga baya. Aka ce in ta ƙara za a fitar da ita.

Alƙalin ba mugu ba ne, mutum ne da ya gaji, shi ma ya binne nasa a wannan daminar. Ya sassauta murya ya ce kartar kam doka ta ce a karɓe, wannan ba a hannunsa yake ba. Amma in ta yi alkawari a gaban kotu ba za ta sake baje wa kowa kati ba, zai bar ta ta koma gida yau, ba sai ta kwana a ɗakin tsaro da furfurarta ba.

Aka zaci Lazarine za ta yarda. Fortuné ya ɗago kai.

"Ranka ya daɗe, ba zan yi maka alkawarin da zan karya kafin in kai gida ba," in ji ta. "Kujerarka ta fi ƙarfin haka a wurina." Ta dubi ƙullin katunan a kan teburinsa. "Ina za a kai su?"

"Wuta."

"To a gaya wa mai ƙonawa ya duba da kyau, kada ya bar katin Wawa a baya. Shi ba shi da lamba, kullum mantawa ake yi da shi."

Ta yi kwanakinta a tsare, ta fito da tari da ƙwarƙwata. Washegari sai ga Théréson ta hau benen tana haki, ta jefa mata wani ƙunshi mai ƙarnin kifi a cinya. Sabuwar karta ce, ta inji, da hatiminta.

"Ga shi nan, tsohuwar fursuna. Ki daina zama kamar kazar da aka kwashe wa ƙwai."

Lazarine ta buɗe, ta bi katunan a hankali. Ta tsaya a kan Sarauniya.

"Wannan baiwar Allah a mashaya ta kwana? Dubi jan leɓenta ya hau hanci."

"Ke dai ba ki da godiya. Karta ba karta ba ce?"

"Ina sararin sama, Théréson? Duba. Sun cire shi gaba ɗaya. Ruwa da sama da rigar mala'ika duk launi ɗaya, kamar wandon ɗan sanda. Matar da ta zo da nauyi a ƙirji in ta duba wannan, ina za ta sami wurin shan iska?" Ta mayar da katunan cikin takarda. "Kai wa mijinki ya yi caca da ita. Ta dace da shi."

"To ya za ki yi? Ki zauna ki mutu?"

"Ɗauko mayafinki."

Lazarine ta san abin da ƙawarta ba ta sani ba. Da inji ya zo, masu ma'aikata sun sayar da tsoffin katakan sassaƙa a matsayin itacen wuta, mai gidan burodin kusurwa ne ya saya. Suka same shi yana kwasar burodi daga tanda. Lazarine ba ta yi masa dogon bayani ba, ta wuce bayan gida ta fara tona tarin itacen.

"Goggo, lafiya? Itacen girkina ne fa!"

"Itacen girkinka yana da fuskar Fafaroma, ɗan nan. Ka ji tsoron Allah."

Théréson ta tare ƙofa da faɗin jikinta, ta ce masa in ya yi shiru zai ci miyar kifi duk Juma'a har gashinsa ya zube, in kuma ya yi surutu duk kasuwa za ta ji abin da yake haɗa garinsa da shi. Ya ɗaga hannuwa sama ya koma wurin tandarsa. Sun sami katakan duka, sun sha hannu, wasu sun tsage. Guda ɗaya ya riga ya leƙa wuta an zaro shi, gefensa ya zama gawayi. A gefen nan hoton Tauraruwa yake, matar da ta durƙusa a bakin rafi tana zuba ruwa daga tuluna biyu. Rabin jikinta ya tafi.

Ranar Lahadi, ana cin abinci, Fortuné ya ga tawada a farcen uwarsa. Ya aika yara waje, matarsa ta bi su.

"Inna, me ke ƙarƙashin gadonki?"

"Ka riga ka leƙa, me ya sa kake tambaya?"

"Kin san abin da kike yi? Waccan ta farko laifin duba ce. Wannan yin karta ne ba izini, ba takardar gwamnati, ba hatimi. A ofishinmu ake kama masu wannan. Ni ake aikawa, Inna. Ni!"

"Ai na sani. Ni na saya maka takalmin da ka fara zuwa ofishin da shi."

"To don Allah ki tausaya mini. An riga an sa mini suna a wurin aiki, ɗan bokanya. In aka sami wannan a gidana, ina zan sa kaina? Yaran nan me za su ci, hoton Wata?"

Lazarine ta goge farantinta da guntun burodi, ta cinye, sannan ta yi magana.

"Gaskiyarka, Fortuné. Bai kamata a same su a gidanka ba."

Ya sauke ajiyar zuciya. Bai fahimce ta ba. Da ya dawo daga aiki washegari ɗakin sama fayau yake, an share, an naɗe katifa. Théréson ta ba ta wani ɗaki a saman rumfar da take gishirta kifi, mai taga ɗaya da ke kallon jiragen masunta. Maƙwabta sun ga tsohuwar tana gangarawa da rana tsaka, katakan a cikin amalanken kifi, ko tsumma ba ta rufa musu ba.

Aikin ya ci lokaci. Sai da ta manna takardu uku-uku da ƙullun gari kafin su yi kauri, ta danne su da duwatsun gishirta kifi. Sai da ta sake yanka kwalayen launi da 'yar wuƙa, daga abin da ke cikin kanta. Matan Alhamis suka riƙa leƙowa suna tambaya ko an kusa. Suna da roƙo guda, kuma sun rasa mai isar da shi, har ranar da Mélanie ta hau da kanta, cikin baƙin tufafin takaba. Ta tsaya a bakin ƙofa ta kasa shiga.

"Goggo, ba ni na kai ki ba. Surukata ce."

"Na sani. Uwa ce, ta rasa inda za ta ajiye abin. Shigo, kina tare mini haske."

Mélanie ta zauna a bakin gado. "Matan ne suka ce in roƙe ki. Tunda sabuwa kike yi, kuma ke ce mai yi, ki bar shi a waje. Marar Suna. Mun gan shi ya ishe mu, Goggo. Ba wanda zai sani."

Lazarine ta miƙa hannu kan igiyar da take shanya katunan, ta ciro guda, ta ajiye a gabanta. Shi ne. Ya bushe sarai, launinsa ya zauna.

"Da shi na fara," in ji ta. "In na cire shi, Gaspard zai dawo?"

Mélanie ta girgiza kai.

"To kin gani. Alƙali ya ƙona shi, ya daina zuwa layinku? Matar da za ta hau benen nan ta san yana gari. In ta duba kartata ba ta gan shi ba, ta san ƙarya nake mata, kuma ba za ta yarda da Rana ba in Rana ta fito." Ta tura mata katin. "Duba ganyen. Na ƙara musu kore kaɗan. Wannan kaɗai zan iya yi miki."

Kafin shekara ta zagayo zaman Alhamis ya dawo. Lazarine ba ta rufe taga, ba ta rage murya. Théréson kan tsaya a ƙasa tana yi wa masu hawa kirari, ta ce a yi a hankali da matakala ta uku, ta fi tsohuwar tsufa. Abin da ake yi da taga a buɗe ba ya ɓuya. Magana ta kai ofishin haraji cewa akwai karta marar hatimi a saman rumfar kifi, kuma shugaban ofishin, ko don gwaji ko don mugunta, Fortuné ya aika.

Ya zo da rana, cikin kayan aiki, da hula. Théréson ta gan shi tun daga nesa.

"Kai, jama'a, ku ba da hanya, gwamnati ta zo! Fortuné, ni na wanke maka gindi kana jariri, yau ni za ka yi wa taku?"

"Ina wuni, Goggo Théréson," ya ce, ya wuce.

Uwarsa tana zaune a bakin taga. Ta dube shi daga hula har takalmi.

"Ka rame. Matarka ba ta sa mai a miya ne?"

"Aiki ya kawo ni, Inna."

"To yi aikinka. Ga su nan a kan tebur, ban ɓoye ba."

Ya cire hular, ya rasa inda zai ajiye, ya mayar. Ya baje katunan. Tun yana yaro bai ga shuɗin nan mai haske ba, irin wanda yakan gani a yatsunta in ta dawo daga aiki. Ya daɗe yana jera su. Can ya ga wani kati shi kaɗai a gefe, kusa da kwanon launi. Tauraruwa ce. Rabin da wuta ta ci Lazarine ta zana shi da hannu, an shafa wa matar launin fata, taurari sun sha ja da rawaya, tuluna sun sami nasu. Ruwan da take zubawa ne da rafin da ke gabanta har yanzu farar takarda.

"Wannan fa?"

"Ita ta rage. Shuɗin ne bai yi mini ba tukuna."

"Ashe ba ta cika ba."

"Za ta cika."

Fortuné ya tattara katunan, ya daidaita gefensu, ya ajiye inda ya same su. Ya yi magana yana kallon taga. "Ni karta aka aiko ni nema. Abin da bai cika ba, ba karta ba ce a wurina, zanen tsohuwa ne. Haka zan faɗa." Ko doka ta faɗi haka, ko shi ya faɗa wa doka, ba wanda ya bincika.

"Kada ka yi mini alfarma, yaro. Alƙali ma ya gwada. Gobe zan gama ta, ka dawo da hatiminka ko da ankwarka."

"Ranar da ta cika, Inna, abu biyu ne. Ko in kwashe su in kai wuta da hannuna, ko in ajiye hular nan in bar aiki, in koma gida in gaya wa jikokinki. Ke za ki zaɓa mini." Ya kai bakin ƙofa ya tsaya. "Yara suna tambayarki. Ƙaramar ta fara haƙori."

"A shafa mata man zaitun a dasashi," in ji Lazarine, ba ta juyo ba.

Goben ba ta gama ba. Ta ce shuɗin da ta niƙa ya yi duhu. Wani makon ta ce ya yi ruwa. Ta aika a sayo mata wani daga wurin masu fentin jirgi, ta gwada a gefen takarda, ta ce wannan na mai makoki ne. Matar da a zamanin benci take gama tulin takarda kafin a buga ƙararrawar rana, ita ce rafi guda mai faɗin yatsa ya gagara. Idonta ya fara raguwa, gaskiya ne. Amma da idon nan ta gyara gashin mala'ikan Tashin Ƙiyama da wata mata ta ɗiga wa hawaye, kuma ba ta kauce ko kaɗan ba.

Alhamis ba ta fasa ba ko sau ɗaya. Tana baje sauran, Tauraruwa tana gefe kusa da kwanon launi, in an tambaya ta ce wannan tana jiran ruwa. 'Yan sanda sun sake zuwa a wata shekarar, suka tarar da mata cike da ɗaki kowacce da saƙa a hannu, Théréson kuma zaune daram a kan wani ƙunshi ta ce ƙafarta ce ke ciwo, duk mai son ta tashi ya zo ya ɗaga ta. Fortuné kuwa yakan zo duba aikin hukuma lokaci-lokaci, wani sa'in da yarinya a kafaɗa. Yakan tambaya ko ta cika. Takan ce ya shirya, ta kusa.

Théréson ce kaɗai ta taɓa taɓo maganar kai tsaye, suna ɓare wake a bakin taga.

"Ke, munafukar tsohuwa. Shuɗin nan lafiyarsa ƙalau. Na ga wanda kika niƙa jiya, kamar a sha."

"Ke da kika san kifi, yaushe kika san shuɗi?"

"Na san uwa, dai."

"Ba wanda ya hana ni," in ji Lazarine, muryarta ta yi kauri. "Ki ji da kyau, ki kuma faɗa a kasuwa. Ba alƙali, ba gwamnati, ba ɗan da na haifa. Ranar da na ga dama zan gama ta."

"Allah ya kai mu."

"Amin. Miƙo kwanon."

Ta rasu a farkon sanyi, bayan gajeriyar jinya, fadan coci ya zo ya yi mata addu'a bai tambayi komai ba. Da Théréson da Fortuné suka hau kwashe kayan ɗakin, suka tarar kartar a ɗaure da zare a gefen tebur. Tauraruwa tana tsakiyar teburin, an ɗora mata kwalinta, ramukan sun zauna daidai a kan ruwan da rafin. Shuɗin yana cikin kwano an rufe shi da faranti, bai gama bushewa ba, burushi a kwance a gefensa, ba a tsoma shi ba.